Neman kalma: me za mu kira "horror host" da Hausa?

Mai Shirin Rediyo: Assalamu alaikum. Ina neman agajinku kafin jibi Alhamis, ranar zan ɗauki shiri. Wannan makon zan ba da tarihin wani irin shirin talabijin na Amurka, inda ake saka tsofaffin finafinan ban tsoro da daddare, amma ba a barin fim ɗin shi kaɗai. Wani ne zai yi shigar gawa ko ta mayya, ya fito kafin a fara, ya riƙa leƙowa duk sanda za a tafi talla yana yi wa fim ɗin ba'a. Shi suke kira "horror host". Wadda aka fi sani da fara abin ita ce Maila Nurmi, mai laƙabin Vampira, a tashar KABC ta Los Angeles a 1954. Takan taho ta wani dogon lungu mai hazo cikin baƙar riga, sai ta zo daf da kyamara ta kurma ihu. Abin ya bazu ne a 1957, da kamfanin Screen Gems ya tattara tsofaffin finafinan ban tsoro na kamfanin Universal guda 52 ya ba tashoshi haya. Tashoshi da yawa sai suka ɗauko wani daga ma'aikatansu suka shafa masa hoda ya zama nasu. Sunan nan "horror host" zai fito sau da yawa a shirin, ina son kalma gajera.

Ɗan Fagge: Wa alaikumus salam. Mai gabatar da finafinan ban tsoro. Shi ke nan, kowa zai gane.

Mai Shirin Rediyo: Na fara da ita, ɗan'uwa, amma ta yi tsawo, kuma in na ce mai gabatarwa sai mai sauraro ya hango mutum da babbar riga yana karanta labarai. Wannan kuwa daga akwatin gawa yake fitowa.

'Yar Damagaram: Mai masaukin baƙi dai kar ka kusance ta, na taɓa jin an fassara haka, ba baƙon da ya sauka. Ni sanƙira ne ya zo mini a rai. Ba shi ne mai waƙar ba, amma shi ke tsakanin makaɗi da jama'a yana ƙara wa abin armashi.

Ɗan Fagge: Sanƙira kambamawa yake yi, Hajiya. Wannan kuwa zolayar fim ɗin yake. In ta wajen ban dariya ne, ɗan kama ya fi kusa.

Tsohon Malami: Ku dakata. Tun wajen "fim" kuka ɓata. Muna da majigi, me ya kai mu aro? Ni na daɗe da tanadin kalma ga irin wannan: Sarkin Razana. Hausa ta saba naɗa sarki a kan kowace sana'a, Sarkin Pawa, Sarkin Ƙira, Sarkin Aska. Sarkin Razanar Majigi. Ku faɗe ta da ƙarfi ku ji nauyinta a baki.

'Yar Damagaram: Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma majigi ma ai aro ce. Daga kalmar Turanci ta fitilar nan mai haska hotuna a bango ta fito, ta daɗe ce kawai har ta zama 'yar gida. Sannan ta farkon, Vampira, mace ce, haka Elvira, laƙabin da Cassandra Peterson ta fara fitowa da shi a Los Angeles a 1981. Sarki za mu ce musu?

Tsohon Malami: Sai a ce Sarauniya, ina wahalar? Ku yaran yanzu duk abin da ya fito daga bakin babba sai kun nemo masa aibi. Shekara talatin ina koyar da Hausa a aji, na ga kalmomin da aka raina sun zauna daram.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe ba raini ba ne. Sarkin sana'a ɗaya ne a gari, kuma naɗa shi ake yi. Sannan a Kano in ka ce majigi yau, matasa sai sun tsaya tunani.

'Yar Damagaram: To ga ta nan kuma. Kano ce kaɗai ke da kunne? Mu a nan "tele" muke cewa, ba wanda ya taɓa tambayarmu kafin a rubuta talabijin a littafi. Rediyo kuwa ba ta san iyaka ba, ana jin shirin nan har wajenmu.

Ɗan Fagge: Daidaitacciyar Hausa dai an san inda aka ɗauko ta.

'Yar Damagaram: Daidaita rubutu aka yi, ba a ce sauranmu mu rufe baki ba.

Mai Shirin Rediyo: Don Allah mu dawo, lokaci na tafiya. Baba, abin da ya hana ni Sarkin Razana shi ne mutumin ba razanarwa ce aikinsa ba, rage tsoron yake yi. Ku dubi Svengoolie na Chicago. Jerry G. Bishop ya fara shi a 1970 a tashar WFLD, aka tsaya a 1973. Rich Koz ya dawo da shi a 1979 a matsayin ɗan Svengoolie, har 1986, daga baya ya gaji sunan kacokan, kuma tun 2011 ake nuna shi a faɗin ƙasar a tashar MeTV duk daren Asabar. Fuskarsa fenti, da doguwar baƙar hula, yana tsaye cikin akwatin gawa, in ya yi barkwancin da bai yi daɗi ba sai a yi ta jifansa da kajin roba. Tsakanin haka yana gaya maka wane ne ɗan wasan nan, a wace shekara aka yi fim ɗin. Yara na kallo tare da iyayensu. Kalmar da nake nema dole ta ɗauki tsoron da wasan a lokaci guda.

Uwar Biyu: Tun ɗazu nake karantawa. Dodo fa? Da dodo ake tsorata yaro a tatsuniya, yana ƙanƙame kakarsa amma yana cewa a ci gaba. A tashe ma yara kan yi shigar dodo, ana gudu ana dariya. Dodon shiri. Ko dodorido, tunda abin tsoron ba ya cizo.

Ɗan Fagge: Dodorido ta fi tafiya wajen barazanar banza, za a ɗauka kushe shi ake. Dodon shiri kam ta zauna mini.

'Yar Damagaram: Kuma ba sai an sauya ta don mace ba. Na bar sanƙira, na bi Yaya.

Tsohon Malami: Dodon shiri sai ka ce shirin ne yake cinyewa. Ba ta da martaba ko kaɗan. Amma ita aƙalla Hausa ce tun daga tushe, wannan ba zan musa ba.

Mai Shirin Rediyo: Ga yadda zan yi. A farkon shiri zan ce "mai gabatar da finafinan ban tsoro cikin shigar dodo", in bayyana sau ɗaya, daga nan sai in ci gaba da "dodon shiri". In masu sauraro sun bugo waya sun ƙi ta, zan dawo in faɗa muku. Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci.

Tsohon Malami: Amin. Amma in ka zo kan Zacherley ɗin nan na Philadelphia da New York, mai shigar masu binne gawa, ka gwada Sarkin Razana ko sau ɗaya ne ka ji yadda za ta fita a iska.