Bindigar kakanmu: a gyara ta ko a bar ta yadda take?

Jikan Ɗan Bindiga: Assalamu alaikum. Da aka raba gadon mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tsohuwar bindigar kakanmu ta faɗo a rabona. Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, da ita yake fita hawan Sallah a gaban hakimi. A gefen ƙarfen akwai hoton kambi da rubutun boko da ya kusa shafewa, an ɗaure bututun da zobban tagulla, ƙotar ta tsage an naɗe ta da fata, kunamar kuma tsatsa ta riƙe ta. Ba harbi nake so in yi da ita ba. Wani maƙeri ya ce a kan naira 45,000 zai kankare ta ya sassaƙa mata sabuwar ƙota. In ba shi, ko in bar ta da tsufanta?

Mafarauci: Wa alaikumus salam. Idan an gama gyaran, ka ɗaure ta a jikin bishiya, ka ja kunamar da doguwar igiya daga nesa. Haka muke gwada kowace tsohuwar bindiga kafin mu shiga daji da ita.

Ɗan Mazan Jiya: Ka yi hattara, Malam. Bindigogin soja irin .303 da iyayenmu suka riƙe a yaƙin Burma suna cikin makaman da doka ta haramta wa farar hula.

Malamin Tarihi: Mutumin nan ya ce ba harbi zai yi ba, kuma ya ce ta baki ake ɗura ta, saboda haka ba .303 ba ce. Dokar makamai ta 1959 ta ware bindigogin toka a rukuninsu daban, kuma Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ne ke ba da lasisinsu, to ya fara da wannan. Kambin nan kuwa ba ya tabbatar da cewa ta sojan Ingila ce, domin masana'antun Birmingham da na Liège ta Beljiyam sun ƙera irinsu da yawa don kasuwar Afirka ta Yamma. Kafin kowa ya taɓa ta, a zura sanda a bututun a gwada zurfinsa da tsawonsa na waje, domin akan sami tsohuwar bindiga da ɗurinta a ciki shekara da shekaru, kuma albarushin da bai jiƙe ba yana iya tashi.

Abu Hafsat: Ɗan'uwa, kada ka ba kowa. Tamu irin wannan ce, har wani dillalin kayan tarihi ya taya ta naira 300,000 muka ƙi. Gabanin bikin ƙanwarmu yayanmu ya ce a gyara ta a rataye a zaure, ya kai wa wani mai walda. Ya sa injin gurza ya cinye tambarin gaba ɗaya, ya shafe ƙarfen da baƙin fenti irin na ƙofar gida, ya cire fatar da kakanmu ya naɗa da hannunsa tare da layar da ke ƙarƙashinta, ya zubar. Ƙarfen kunamar ma ba namu ya mayar ba, da muka tambaya sai ya ce ya ruɓe. Mahaifiyarmu da ta gan ta ba ta ce komai ba, ta dai hana a rataye ta. Dillalin nan ya dawo, ya juya ta a hannu, ya ce ko naira 20,000 ba zai bayar ba.

Ɗan Kasuwar Kurmi: Alhaji, ka yi haƙuri, amma 300,000 tayin baki ne kawai. Irinsu na wucewa ta hannunmu, mai kyau ba ta wuce 70,000, kuma masu ado da ita a falo wadda aka goge suke nema.

Abu Hafsat: Kai mai saye ne, dole ka karya farashi.

Jikan Maƙera: Mai walda daban, maƙeri daban, kada laifin wani ya shafi wani. Zobban tagulla da fatar da kuke cewa kada a taɓa, ai gyaran kakanninmu ne. Da su ma sun bar ta yadda take, da tuni gara ta gama da ƙotar. Ni 15,000 zan karɓa, in goge tsatsar sama da kananzir da tsumma, in shafa man keke, ba samfefa, ba fenti.

Malamin Tarihi: Wannan tsare ta ka yi, ba sabunta ta ba, kuma na yarda da shi. Amma mai bindigar ya fara nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama da ke Kano ko na Arewa House da ke Kaduna hotunanta.

Jikan Maƙera: Malam, masu littafi sun taɓa riƙe guduma kuwa?

Na Gefe: A gyara ta ko kada a gyara, matar gida ce za ta yanke hukuncin inda za a ajiye ta. Ta gidanmu tana bayan sif, ana rataye mata carbi.

Hajiya Babba: Ku kun yi sa'a da kuke da abin gardama. Mahaifinmu ya bar takobi da sulke da kwalkwali, ba a sa su cikin lissafin gado ba, wai kayan maza ne. Kafin sadakar arba'in wani ɗan ɗakinmu ya sayar da su ga dillali, ko sisi ba mu gani ba, alhali duk abin da mamaci ya mallaka akwai rabon 'ya'ya mata a ciki. Kuma fitar da kayan tarihi daga ƙasa ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ba laifi ne, amma wa ya tambaya?

Ɗan Kasuwar Kurmi: Hajiya, mu dai wanda ya kawo muke biya.

Jikan Ɗan Bindiga: Na gode duka. Na zura sandar kamar yadda Malam ya ce, ta tsaya saura kamar yatsa uku. Yanzu wa zan kira?

Abu Hafsat: Hajiya, har yanzu kuna iya kai ƙara kotun shari'a. Shekara nawa ke nan da rasuwar?