Muhawara a zauren editocin Jos: biya ɗaya, Premiere biyu

Oga na Bauchi Road: Salamu alaikum. Ga ra'ayina, kowa ya kawo nasa. Ina biyan kamfanin Adobe kuɗin wata da akawun ɗina, don manhajarsu ta tace bidiyo, Premiere Pro. A kwamfutar shago Premiere Pro na 2024 ne, yarona na tace bidiyon biki a kai. A laftof ɗina na 2025 ne, ni ma ina nawa aikin a lokacin. Tunda ba fitowa ɗaya ba ce, ban ga ƙa'idar da na taka ba.

Editan Gangare: Wa alaikumus salam. Oga, da girmanka, ka haɗa magana biyu ne wuri ɗaya. Ajiye tsohuwar fitowa kusa da sabuwa ba laifi ba ne. Cikin Creative Cloud ɗin ma, manhajar da ake sauke kayan Adobe da ita, akwai wurin sauke ta baya, kuma in za ka sabunta kana iya hana shi goge tsohuwar. Amma lasisin ba fitowa yake ƙirgawa ba, mutum yake ƙirgawa. Sun yarda ka shiga da akawun ɗinka a kwamfuta 2, amma kai kaɗai, kuma a ɗaya a lokaci guda.

Oga na Bauchi Road: To ai kwamfuta biyun ke nan. Ban ƙara ta uku ba.

Editan Gangare: Kwamfuta biyu, mutum ɗaya. Ku kuma mutum biyu ne, Oga.

Anti ta Rikkos: Ni abin da ya sa nake riƙe fitowa biyu dole ce. Satin Sallah wata amarya ta dawo a gyara sunan mahaifinta a bidiyon kamu. Aikin a na 2024 aka fara shi, kuma abokin aikina da zai saka sauti tsohon ne a wajensa. Da na buɗe a sabon na adana, shi ke nan, ba zai buɗu a nasa ba. Sai na buɗe tsohon na gyara harafi biyu, sabon kuma yana gefe da aikin walima. Duk a kwamfuta ɗaya, ni kaɗai a kujera. Wannan kam ba ni da shakka a kai.

Kawu mai ɗab'i: Yara, mu da muka sayi CS6, tsohon kunshin manhajojin Adobe, da kuɗinmu mun san bambancin. Shi saye ne, ka biya sau ɗaya. Daga 2013 suka daina fitar da irinsa, komai ya koma haya. Ɗan haya kuwa ba ya saka wani a ɗaki ba da sanin mai gida ba. Amma ina da ja da kai, ɗan Gangare. Ka ce tsohuwar fitowa ba laifi, ba kowace ba. A watan Mayun 2019 sun aika wa masu biya saƙo cewa akwai tsofaffin fitowa da aka janye izininsu, suka kuma taƙaita saukewa ga manyan fitowa biyu na ƙarshe. Mai riƙe da na shekara bakwai baya kada ya ɗauka biyan wata ya wanke shi.

Editan Gangare: Gaskiya ne Kawu, na karɓi gyara.

Oga na Bauchi Road: Ku dubi halin da ake ciki mana.  Ga man janareta, ga data, ga hayar shago. Rabin garin nan na sata suke amfani da shi, ni da nake biya ne za a ce na ci amana?

Anti ta Rikkos: Ba wanda ya raina ƙoƙarinka, Yaya. Wallahi ni ma duk ƙarshen wata sai na ji a jikina. Amma ranar da ka danna ka amince, alkawari ka ɗauka. Kuma ko a ajiye wannan, kalmar sirrinka tana hannun yaro, da imel ɗinka da ayyukan mutane da ke ciki. In ya tashi buɗe nasa shagon fa?

Ƙaramin edita na Dilimi: Ranku ya daɗe, tambaya gare ni. In na bar kwamfutar shago tana fitar da bidiyo, na koma laftof ina yanka wani, ni kaɗai ne fa.

Editan Gangare: Ƙanena, a yadda na karanta, amfani biyu ne a lokaci ɗaya, ko da hannunka ba ya kan ɗayar.

Kawu mai ɗab'i: A nan ban bi ka ba. Mutum ɗaya ne, aikinsa ne, bai ba kowa ba. Zuciyata ba ta ga zalunci a ciki ba, ko da rubutun ya fi karkata wajenka.

Oga na Bauchi Road: To yaron nawa fa, ya zauna ya naɗe hannu?

Anti ta Rikkos: A'a. Ko ka koma tsarin ƙungiya, inda kowane ma'aikaci ke da gurbinsa kuma kana iya mayar da gurbin ga wani in ya tafi, ko ka saka masa DaVinci Resolve, wata manhajar tace bidiyo daban. Akwai na kyauta, kuma ya ishi bidiyon biki da suna. Ɗan yayata da shi ya koya.

Oga na Bauchi Road: Har yanzu ina ganin tsadar ta yi yawa, wannan ban janye ba. Amma maganar fitowa daban na bar ta. Anti, turo min ɗan yayan naki ranar Asabar bayan la'asar ya nuna wa yarona.