Ƙafar jirgina ta tsage, na ɗaure ta, yanzu kuma sai zagaye yake a sama

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu harkar jirgin ɗaukar hoto a taimaka min da shawara. Phantom 3 Standard ne dani, na hannu na saya wajen shekara biyu kenan, ba sana'a nake dashi ba kawai sha'awa ce, in ɗauki gona da damina ko in an yi taron dangi. Satin da ya wuce na je gonar mu a hanyar Bichi, wajen sauka iska ta kwashe shi ya dira da ƙafa ɗaya a kan kunya sai naji ƙas, ƙafar baya ta tsage daf da inda ta haɗu da jiki, bata rabu biyu ba amma tana lilo. Na sa mata sufa gulu na kuma naɗe da wayar ɗaurin rodi dan tayi ƙarfi, kuma tayi ɗin. Matsalar ita ce jiya dana tashe shi ya ƙi tsayawa waje ɗaya, sai zagaye yake yana faɗaɗa da'irar a hankali a hankali, da kyar na sauko dashi hannuna na rawa. To meye haɗin ƙafa da wannan? Kuma in zan canza, in sayi irin tasa ne ko dogayen nan da nake gani ana tallar su?

Injiniya Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Malam wayar nan ita ce ta jawo maka, ka kwance ta yau ɗin nan kuma kar ka sake tashin sa sai ka gyara. A Phantom 3 ƙafa ba ƙafa bace kawai, kamfas ɗin jirgin a jikin ɗaya daga cikin ƙafafun yake, sun kai shi can ƙasa ne da gangan dan ya yi nesa da motocin dake juya farfela da wutar batir, sannan eriyoyi ma ta cikin ƙafafun suka bi. Kai kuma ka kawo ƙarfe ka naɗa kusa dashi, to kamfas yana ce masa arewa nan ne GPS kuma yana nuna masa wani abu daban, duk gyaran da yayi sai ya ƙara kaucewa, shi ne zagayen da ka gani.

Ka sayi irin tasa ta asali, bata da tsada in ka kwatanta da kamara. Kafin ka kwance komai ka ɗauki hoto da wayar ka, yadda kamfas ke zaune da inda kowace siririyar waya ta bi, dan dole ya koma yana kallon inda yake kallo tun farko. Wayoyin eriyar nan kamar zare suke, da lallami ake zaro su, in ka fizga ta tsinke jirgin zai tashi lafiya amma yana yin nisa kaɗan sigina zata ɗauke. Kar ka kai sukundireba mai maganaɗisu kusa da kamfas ɗin, kuma kar ka matse kusoshin da ƙarfin tsiya, roba ce, tsagewa take. In ka gama ka fita fili nesa da mota da dakalin siminti mai rodi, ka cire makullai daga aljihu, ka saita kamfas ta manhajar jirgin DJI GO dake wayar hannun ka, juyi ɗaya cikakke yana kwance, juyi ɗaya hancin sa na kallon ƙasa.

Maman Walid:
Ni dai yayana batun dogayen ƙafa ina ganin suna da amfani a wajen mu, duk da ni ƙaramin jirgin nan Mini 2 nake tashi, shi kam cikin sa kusan a ƙasa yake, ciyawa kaɗan ta isa ta taɓa kamara. Tunda na sa masa ƙarin ƙafa na huta da goge gilashi kullum. Illa dai wata da na fara saya arha tana shiga gaban na'urar dake kallon ƙasa sai yayi ta dabur dabur wajen sauka, dole na cire ta.

Injiniya Sabon Gari:
Gaskiya ne Hajiya, a kan Mini ƙarin ƙafa na da dalili. Amma Phantom da tsayin sa ya zo, in ka ƙara masa tsawo iska ta fi samun abin kamawa, kuma wani lokacin ƙafar na leƙowa cikin hoto in yayi kwana da gudu. Shi abin da yake buƙata wajen sauka ne mai kyau.

Ɗan Maraɗi:
Nima abinda zan ce kenan. Mu nan yashi ne ko ina, farfela na kaɗawa zaka ga ƙura ta turnuƙe, kuma motocin nan maganaɗisu ne a ciki, duk wani ɓurɓushin ƙarfe dake cikin ƙasa sai ya manne, in ka juya moto da yatsa kaji yana gurzawa to ya sha. Ni katako nake yawo dashi a bayan babur, falle ɗaya mara ƙusa, tabarma tashi take in ba ka danne gefen ta da dutse ba. Sannan in ya taɓa ƙasa ka riƙe sandar hagu ta rimot a ƙasa kawai, daƙiƙa uku motocin zasu mutu da kansu, masu haɗa sanduna biyu su ja ciki su ne jirgin su ke tuntsurewa ya ci farfela. Kuma duk fita ka riƙa kama ƙafafun kana ɗan girgizawa, ka duba gindin su a rana, in ka ga wani farin layi a jikin robar to tsaga ce ta fara.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, wallahi ban taɓa sanin ɗan baƙin abin nan dake jikin ƙafar shi ne kamfas ba, kuma daidai saman sa na naɗa wayar. Na kwance ta yanzu, gargaɗin kamfas ɗin ya ɓace a wayar hannu na, amma bazan tashe shi ba sai sabuwar ƙafa ta iso. Injiniya tambaya ɗaya, gam ɗin ya ɗan zubo kan siririyar wayar dake bin ƙafar ya bushe, in kankare ne ko in barshi?

Injiniya Sabon Gari:
Kar ka sa reza. Ka bari sai sabuwar ta zo, ka ɓalle tsohuwar robar kaɗan kaɗan da filaya daga gefen wayar, ɗan gam ɗin da ya rage a jikin ta ba zai hana komai ba. Ka turo hoton wajen kafin ka fara mu gani.