Sammacin kotu kan tsohon bashin waya a Ingila: yadda kowa ya yi da nasa

Mai tambaya, daga Birmingham: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Takardar ƙara ta iso mini daga ofishin kotu da ke Northampton, inda wani kamfanin da ke sayen basussuka yake bina fam 640 kan layin wayar da na daina amfani da shi tun 2017. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗa mini yadda ya ɓullo wa lamarin.

Wani ɗan'uwa, daga Leeds: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba ranar da aka buga a saman takardar, domin kotu tana ɗauka cewa ta same ka bayan kwana 5 daga wannan rana, daga nan kuma kana da kwana 14 ka amsa. Idan ka shiga intanet ka sanar cewa ka karɓa kuma za ka kare kanka, wa'adin ya koma kwana 28. Haka na yi, sannan na rubuta wa lauyoyinsu ina neman kwafin yarjejeniyar da shaidar cewa sun sayi bashin. Ba su kawo komai ba, bayan wata biyu suka janye ƙarar.

Wata 'yar'uwa, daga Manchester: Abin da ya cece ni shi ne dokar wa'adi ta 1980, wadda ta ce bashi irin wannan ba a kai shi kotu bayan shekara 6 a Ingila da Wales, muddin mutum bai biya ko sisi ba kuma bai amsa bashin a rubuce ba a tsawon lokacin, a Scotland shekara 5 ce. Sai dai alƙali ba zai tayar da wannan hujja da kansa ba, dole kai ka rubuta ta cikin kariyarka. Na binciko bayanan bankina na ga ranar biya ta ƙarshe, wadda ta haura shekara 7, kuma ita na dogara da ita.

Wani dattijo, daga Landan: Ni sakaci ne ya ci ni, ɗana. Na tashi daga gida ban sanar da sabon adireshi ba, aka yanke hukunci a bayan idona, ban sani ba sai da dillalin gidaje ya ƙi ba ni haya. Hukuncin yana zama shekara 6 a rajistar hukunce-hukuncen bashi, wadda irin waɗannan dillalai ke dubawa, sai fa idan an biya duka cikin wata ɗaya. Sai da na cike fom N244, na neman soke hukunci, na biya kuɗin kotu kafin aka soke shi, aka koma sauraren ƙarar daga farko.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na duba, biyana na ƙarshe a watan Agustan 2017 ne. Yau zan sanar da kotu na karɓi takardar, gobe in kira National Debtline, masu ba da shawara kan bashi ta waya, su duba mini abin da zan rubuta.