Ina ake samun filaksid mai kyau a Abuja?

Maman Hanan: Salam 'yan uwa. Dan Allah na sayi garin filaksid (ƙwayar flaxseed) a wani shago saboda cikina yana yawan ɗaurewa, amma warinsa kamar fenti kuma yana ɗaci a maƙogwaro, haka yake ko dai an yi min sakiyar da ba ruwa?

Anti Ladi: Zubar da shi ƙanwata, ya lalace. Man da ke cikinsa omega 3 ne, da zarar an niƙa iska da zafi sun taɓa shi shikenan, ga zafin Abuja ga Nepa ba wuta, garin da ya yi wata da watanni a kanta cikin farar leda me kike tsammani. Ki sayi ƙwayar ki riƙa niƙa kaɗan kaɗan a bilenda, ki sa a kwalba mai murfi cikin firji. Mai kyau yana sheƙi, ba ya dunƙulewa, ba warin gumi ko hunhuna.

Baban Khalil: Ni dai sai mai lambar NAFDAC nake saya a famasi.

Dan Kubwa: Yallaɓai lambar tana da amfani amma a gane me take nufi. Maganin gargajiya lambarsa yawanci da L take ƙarewa, wato an duba ba ya cutarwa ne kawai, ba wai an tabbatar yana warkar da suga da hawan jini da ciwon daji kamar yadda masu lasifika ke faɗa a tasha ba. Matsalar ita ce kwalba biyu na kamfani ɗaya ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba in ba a auna kowane zubi, danshi nawa ne, akwai ƙasa ko ƙwayoyin cuta, man ya fara lalacewa ko a'a. Irin aikin da NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, ke yi kenan a Idu. In ba lambar zubi, ba ranar haɗawa da ta ƙarewa, ba adireshin kamfani, ni ko kyauta bana karɓa.

Maman Hanan: To man fa? na ga ana sayarwa a Wuse.

Anti Ladi: Wanda aka tatsa ba da wuta ba, a baƙar kwalba, kuma ba a suya da shi. Kar a kuskura a sha wanda kafintoci ke shafa wa katako, wannan da sinadari a ciki. Amma ke da ciki ke damunki garin ne naki, man ba shi da dusa.

Hajiya Umma: Ki sha ruwa sosai 'yata, in ba haka ba ƙara ɗaure ki zai yi. Cokali ɗaya a kunu ko yogot ya isa farawa, kuma ki ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da maganin asibiti. Masu juna biyu da masu shan maganin tsinka jini su fara tambayar likita.

Maman Hanan: Na gode Hajiya, Allah ya saka. Anti Ladi ki turo min sunan shagon da kike saye ta furabet.