Ramin allurar bindiga ya yi faɗi: a sa bushin ko a bari?

Mai_Saiti:

Assalamu alaikum malamai. Bindigar Remington 700 ce, mai cin 6.5 Creedmoor, kwanson kuma mai ƙaramar faraima, wato ɗan ƙoƙon da ke gindin kwanso wanda allura ke sara ya kunna albarushi. Duk kwanson da aka harba, sai ka ga tagullar faraimar ta tattaro ta yi baki kewaye da inda allura ta sara, har farce na kama shi. Biyu ma sun huje. Albarushin bai kai iyakar da littafin ɗura harsashi ya bayar ba. An ce ramin allurar da ke fuskar sakata, wato ƙarfen da ke kulle kwanso cikin bindiga, shi ne ya yi faɗi. Ta yaya zan tabbatar, kuma mene ne gyaransa?

Tsohon_Maƙeri:

Wa'alaikumus salam. Malam, ka dakatar da harbi tukuna. Idan faraima ta huje, iskar wuta baya take komowa ta cikin sakata. Tana zaizaye kan allura, tana iya lalata kunama, kuma idonka na kan hanyarta.

Ka fara raba matsalar da yawan matsin albarushi. In matsi ne, gefen faraimar zai baje, sakata ta yi taurin ɗagawa, gindin kwanso ya fito da tambarin mai tunkuɗo shi. In gefen na nan a kewaye, sakata na buɗewa salin-alin, to ka koma kan rami.

Ciro allurar ka auna kanta da maikiromita, ka auna ramin da sandunan geji. A irin wannan bindiga kan allura yakan kai inci 0.075, ramin kuma 0.078 ko fiye. Tsakaninsu bai kamata ya wuce 0.002 ba. Abin da ya haura 0.004, tagulla za ta sami wurin kwararowa.

Injin_Juyi:

Bari in ɗora kan bayanin Baba. Faɗin ramin kansa na da tasiri, ko da allurar ta cike shi. A matsin fam 60,000 kan kowane murabba'in inci, ramin 0.078 na barin ƙarfin kusan fam 287 ya danna tagullar da ba ta da majingina. A ramin 0.064, kusan fam 193 ne. Shi ya sa ake rage faɗin ramin da kaurin kan allurar gaba ɗaya.

Ga yadda aikin sa bushin yake, wato ɗan guntun ƙarfe da ake cike tsohon ramin da shi a huda sabo ƙarami. Za a kwance komai daga sakata, a ɗaure ta a injin juya ƙarfe, a saita da agogon awo har rawarta ta gaza 0.001. Wannan saitin ya fi komai cin lokaci, kuma wanda ya yi gaggawa a nan, allurarsa a gefe za ta riƙa sara. Sai a buɗa ramin, a yanka masa tiredi irin na noti, a fere bushin daga ƙarfen 4140, a wanke maiƙo sarai, a ɗaura da gam ɗin Loctite mai jure zafi. Wasu dannawa suke yi da matsi ba tiredi, amma ni na fi yarda da tiredi, domin allura daga baya take dukan bushin, kullum tana neman turo shi gaba.

In gam ya kama, a share bushin ya yi daidai da fuskar sakata, ba tare da an ci fuskar ba. A huda da ƙaramin bakin huji, a gyara ramin zuwa 0.063 ko 0.064, a fere kan allura zuwa 0.062, a mulmula bakin ya zama rabin ƙwallo mai santsi. Baki mai kaifi shi ma huda faraima yake yi.

A kula da ramin mai tunkuɗo kwanso, yana dab da tsakiya. Bushin mai kauri zai ɓarka cikinsa.

Tsohon_Maƙeri:

Haka ne. Abu guda da ake yawan kuskurewa shi ne tsawo. Allura na ja da baya kimanin rubu'in inci idan an ɗana. Dole kanta ya kasance cikin bushin har a lokacin. In bushin ya gajarta, za ta fice, ta dawo ta daki gefen rami, ta lanƙwashe ko ta karye. Bayan bushin kuma a yi masa ɗan gangare.

Da an gama, a auna fitowar allura daga fuska: 0.050 zuwa 0.060. A sa gejin zaman kwanso guda biyu, sakata ta rufe kan gejin mai wucewa, ta ƙi rufewa kan marar wucewa.

Mai_Saiti:

Na gode malamai. Walda fa? A cike ramin a sake hudawa?

Injin_Juyi:

Kada ka yarda, ɗan'uwa. Kunnuwan kulle na nan kusa da fuska, zafin walda zai ɓata taurinsu, kuma su ke riƙe da dukkan matsin harbi.

Kafin ka kai aikin, canza sifirin allura, domin wanda ya saki yana barin matsi ya tura allura baya, tagulla ta bi ta cikin rami. Gwada kuma faraima mai kauri: na kamfanin CCI, wato CCI 450 ko BR-4, kaurinsu 0.025 ne, CCI 400 kuwa 0.020. In bakin ya ɓace kuma hujewa ta tsaya, shi ke nan. In ta sake hujewa ko sau ɗaya ne, kai sakatar da allurarta tare ga mai gyaran da ke da lasisi, ka haɗa masa da kwanso uku da aka harba ya gani.