Ma'anar matakan aiki a tallan neman ma'aikata

Ɗan Rimi: Assalamu alaikum. Na yi digiri a fannin akanta, na kuma kammala hidimar ƙasa, yanzu ina bibiyar tallace-tallacen guraben aiki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne kalmomin da ake amfani da su wajen bayyana matakin ma'aikacin da ake nema, irin su "graduate trainee", "entry level", "mid-level" da "senior". Na ga tallan da ya ce aikin na masu farawa ne, amma a ƙasa ya nemi gogewar shekara 2. Shin shekarar hidimar ƙasa tana shiga cikin wannan lissafi, kuma wane mataki ya dace in nema?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. A kamfanoni masu zaman kansu waɗannan kalmomi ba su da doka guda da ta ƙayyade su, don haka kada sunan muƙamin ya ruɗe ka, ka karanta ayyukan da aka lissafa da shekarun gogewar da aka nema. Na farkon, wato "graduate trainee", wanda bankuna da manyan kamfanonin binciken kuɗi suka fi amfani da shi, yana nufin ba a sa ran ka iya aikin tukuna. Za a yi maka jarrabawa, a tura ka horo na makonni ko watanni, sannan a ajiye ka a wani sashe. Amma galibi akwai sharaɗin shekarun haihuwa, sau da yawa 26 ko 27, da sharaɗin darajar digiri, kuma kwamfuta ce take tace masu nema kafin idon mutum ya kai kan takardunsu.

Na biyun, wato "entry level", ya bambanta, domin ana so ka kama aiki da ɗan jagoranci kawai, shi ya sa wasu suke haɗa shi da shekara ɗaya ko biyu. A ganina wannan son banza ne, ana neman gogagge a kan albashin sabon shiga, amma haka kasuwar take. Idan ka yi hidimar ƙasa a sashen kuɗi kana shigar da rasidai da daidaita littafin kuɗi da bayanan banki, ka rubuta shi a matsayin gogewa, sai dai in tallan ya fayyace cewa gogewar bayan hidimar ƙasa yake nufi. Matsakaicin mataki kuwa, wato "mid-level", na wanda ya yi kamar shekara 3 zuwa 6 ne, wanda zai riƙe aiki shi kaɗai.

Hajiya Ladi: Ɗana, bari in ƙara da ɓangaren gwamnatin tarayya, inda lamarin yake a rubuce. Mai digiri na farko yana shiga ne a mataki na 08, kuma a layinku sunansa Akanta II. Daga nan sai Akanta I a mataki na 09, wato mai lamba II shi ne na ƙasa, kamar yadda a jami'a Lakcara II yake ƙasa da Lakcara I. Wanda ake kira "senior" yana mataki na 10 ne kawai, kuma daga can ana tsallakawa zuwa 12, domin babu mataki na 11. Tsakanin mataki na 07 da na 14 ana jiran aƙalla shekara 3 kafin jarrabawar ƙarin girma, daga 15 zuwa sama kuma shekara 4, har a kai darakta a mataki na 17. Ke nan mutum zai iya ɗaukar wannan suna bayan shekara 6 alhali akwai matakai da yawa a samansa, yayin da a ƙaramin kamfani mai suna iri ɗaya zai iya zama shugaban sashen gaba ɗaya.

Ɗan Rimi: Na gode, Hajiya da Malam. Ke nan in mayar da hankali kan "graduate trainee" da "entry level".

Malam Garba: Haka ne, amma idan aka kira ka ganawa ka tambayi wanda zai sa hannu a takardar ɗaukarka. Wasu guraben na bankuna na kwantiragi ne ta hannun kamfanin samar da ma'aikata, kuma mai irin wannan takarda yakan yi shekaru a kantar banki yana karɓar kuɗi ba tare da ya shiga jerin ƙarin girma na bankin ba.